Kwancin Wake-wake

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Wannan littafin matata ne, na lambu. Daga gaba duk rubutunta ne: ranar da ta shuka albasa, ranar da tumatir ya tsiro, ƙwai nawa aka ɗebo. Na juya shi ta baya na fara nawa. In ta dawo ta yi faɗa, ta yi.

Shekara talatin da huɗu na yi ina wanki da guga a otal. Da na ajiye aiki na dawo gida, sai na tarar ashe gidan da mai shi. Shi ya sa nake ce mata Manaja. Fangali shida a bayan gida, kaji tara da zakara ɗaya, duk a hannunta suke. Nawa aikin in ci, in yaba, in goge kayan sawa.

Yau kwana biyu da aka tafi da ita. Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ita ke jinyarta a asibitin cikin gari, tafiyar awa biyu a mota. Ni na raka su bakin titi na dawo, saboda kaji.

Abu na ƙarshe da ta rubuta shi ne: "Lahadi. Na sa wa Wake-wake ƙwai 11, na yi musu alama da gawayi. Kwana 21. Kullum a cire wanda ba shi da alama." Wake-wake ita ce kazar nan mai ɗigon baƙi da fari, mai baƙin rai. Yau kwananta huɗu tana kwanci.

Alhamis, bayan la'asar

Butar ban ruwa tana nan inda ta faɗi, tsakanin latas da karas. Da bokiti na yi ban ruwa.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Auta ta kira.

"Baba, yaushe za ka zo?"

Na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce in aka bar kazar nan babu mai lura, sauran kajin za su riƙa hawa kanta suna zuba mata sabon ƙwai, komai ya cakuɗe.

"Baba, kaza fa ka ce."

Na ce ai kin san halin uwarki, tana farkawa abin da za ta fara tambaya ke nan. Auta ta ce ta farka tun jiya. Idonta biyu, tana gane mutane. Magana ce dai babu.

Na ce ana ƙyanƙyashewa zan taho mata da albishir, saura kwana sha shida ne kawai.

"Kawai," in ji Auta. Ta yanke wayar.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na yi dashen tumatir. Ta rene su a cikin gwangwanayen madara a kan dakalin taga, guda ashirin da shida, sun yi tsawo har suna jingina da gilashi. Littafi ya ce a dasa a wannan makon, bai faɗi lokaci ba. Ni kuma na ga rana ta take, na ce ai shanya ma da rana ake yi. Na ja igiya, na jera su a miƙe kamar karin wando. Kafin azahar duk sun sunkuyar da kai.

Direba ya leƙo ta kan katanga. Maƙwabcinmu ne, ya tuƙa babbar mota shekara arba'in, yanzu tattabaru yake kiwo yana sa baki a abin da ba a tambaye shi ba.

"Mai guga, gasa su za ka yi? Da yamma ake dashe, rana ta yi sanyi."

Na ce na gode, amma da tun safe ya faɗa. Ya ce da safe bai san akwai mai wannan ɗanyen aiki a unguwar ba. Ya miƙo min tsofaffin kwalaye na yi musu rumfa. Sannan ya tsaya yana kallon rigata.

"Kai ne da yamutsattsiyar riga? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Na ce dutsen gugar ne ya lalace. Lafiyarsa lau.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na safe

Na haɗa shayi kofi biyu. Mantuwa.

Litinin, bayan magariba

Ban taɓa sanin gidan nan yana da girma ba sai yanzu. Ɗaki uku ne, amma in na aje cokali a kicin sai in ji ƙararsa a falo. Da ina yi mata ƙorafin surutu. Tana magana da kaji, tana magana da albasa, tana amsa wa mai labarai a rediyo. Na kunna rediyon yau, ya yi ta zuba babu mai ba shi amsa, na kashe.

Tumatir sha tara sun tashi, bakwai sun tafi. Wake-wake ta sare ni sau biyu a hannu ina cire ƙwan da ba nata ba. Kwana takwas.

Na yi wa zakara magana, ya juya min baya. Ya san ba ita ba ce.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Yau dai na yi aikin da na iya.

Da safe na tarar ƙwai ɗaya ya fashe a ƙarƙashin Wake-wake. Gwaiduwa ta ɓata sauran goman, ga kashi, ga ciyawa ta manne, ga ƙarni. Wallahi a otal da an ga irin wannan a sashena da ranar na bar aiki. Na kama kazar na kife ta da kwando. Na kwashe tsohuwar ciyawa na ƙone, na wanke akurkin tas. Ƙwan kuma, tabon gwaiduwa ba ya fita sai an jiƙa, wannan ɗan koyo ma ya sani. Kuma da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama shi yake yi. Na jiƙa su awa ɗaya da garin sabulu da ɗigon bilic mai sa kaya fari, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye sau uku, na jera su a kan tawul a inuwa suka sha iska.

Fari fat. Alamar gawayin ta fita, sai na sake yi musu da biro, lamba ɗaya zuwa goma. Kazar ta koma ta kwanta tana hararata.

Tun Talatar da aka tafi da Manaja ban ci abinci da daɗi ba sai yau.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ta ce an fara zaunar da Mamanta. Hannun hagu yana motsi, na dama bai yarda ba tukuna. Ana koya mata haɗiya da cokali. Ta ce duk wanda ya turo ƙofa sai Mama ta juya ta duba, in ta ga ba shi ba ne ta mayar da kai. Ban tambayi wane ne shi ba.

Na ce ki gaya mata ƙwai goma suna nan lafiya, saura kwana tara.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Direba ya shigo aron fartanya. Bakina bai iya shiru ba, na ɗaga kazar na nuna masa. Ya duba ƙwan, ya dube ni.

"Wa ya ba ta na kanti?"

Na ce nata ne, wanke su na yi. Na ba shi labari har da buroshi. Ya zauna a kan bulo ya cire hula.

"Awa ɗaya? A ruwan sanyi?"

"To da na zafi zan sa? Ai sai tabon ya kama."

"Mai guga, akwai rai a ciki. Ta wannan ɓawon yake numfashi. Ka nutsar da su, ka ba su sabulu, ka shanya su a iska. Garin gyaran gira ka tsone ido."

Na ce wataƙila wasu su tsira. Ya ce ikon Allah ya fi gaban haka, amma shi dai bai taɓa gani ba. Ya ɗauki fartanya, ya kai ƙofa, ya juyo.

"To tunda abin ya zama haka, me ka zauna jira? Bar min makulli, ni zan ba su dusa da ruwa. Ka je ka ga matarka."

Na ce sai kwana ashirin da ɗaya sun cika, haka littafi ya ce.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Auta ta tambayi ƙwai. Na ce lafiya lau.

Lahadi, da yamma

Lafiya lau. Haka na ce.

Talata, ƙarfe uku na rana

An yi ruwa tun asuba, na farko mai ƙarfi a bana. Ƙasa ta yi laushi, komai ya yi shar. Littafi ya ce a rage karas in ya kai tsawon ɗan yatsa, a bar tazara, in ba haka ba duk su tsumbure. Na tsuguna na cire uku, na ga 'yan saiwoyinsu kamar zare, na kasa ci gaba. Wanda ya kashe goma ba da niyya ba, shi ne yau yake tausayin karas.

Manaja, yaya kike yi ki zaɓi wanda za ki cire? Ba ki rubuta wannan ba. Ba ki rubuta lokacin dashe ba, ba ki rubuta kada a wanke ƙwai ba. Kin rubuta wa kanki ne, don ba ki taɓa zaton wani zai karanta ba. Ni ma ban taɓa zato ba. Tsakanina da Allah na ɗauka ni zan riga ki kwanciya, ke ki yi ta ɗawainiya da ni kina faɗa. Ina kewarki har cikin ƙashina. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Mako biyu cif yau da aka tafi da ke.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Auta ta kira da sassafe tana kuka. Zazzaɓi ya rufe Mamanta tun jiya, ƙirji ya cushe, an sa mata abin numfashi.

"Baba, in wani abu ya faru ba ka zo ba, me zan ce wa mutane? Me za ka ce wa kanka?"

Na sa kaya, na ɗauki jaka, na kulle gida, na je bakin titi. Mota ta farko ta tsaya, na ce ta cika. Ta biyu ta tsaya, rabinta babu kowa. Mai motar ya leƙo ya ce, "Baba, tafiya ce?" Na ce wani nake jira. Na tsaya har rana ta kai tsaka, sannan na dawo na ba kaji ruwa.

Direba yana kan katanga ya gan ni. Ya juya ya koma wurin tattabarunsa, wannan ya fi zagi ciwo.

Juma'a, bayan sallar asuba

Zazzaɓin ya sauka, Alhamdu lillahi. Saƙo Auta ta turo, ba ta kira ba.

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Ranar Talatar nan ina guga a falo, farar rigata mai dogon hannu. Ita tana ban ruwa. Na ji ta ce, "Malam!" Na ce ina zuwa. Ta sake kira, muryar wani iri, kamar mai abu a baki. Na ce bari in ƙarasa hannun rigar nan. Ban taɓa barin hannun riga rabi ba a rayuwata, sai ya yi layi biyu. Na ƙarasa shi, na juya na fara ɗayan. Sai na lura ba ta kira na uku ba.

Minti nawa? Na lissafa ya fi sau ɗari. Wataƙila biyar, wataƙila goma. A asibitin unguwa, kafin a wuce da ita gari, likita ya tambaya tun yaushe ta faɗi, ya ce a irin wannan ciwon kowane minti yana da daraja. Na ce ban sani ba.

Ita ta sani. Tana kwance tsakanin fangali idonta a buɗe lokacin da na fito. Ta dube ni. Idon nan nake tsoro, ba asibiti ba.

Rigar tana kan teburin guga har yanzu.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Kwana ashirin da ɗaya. Na durƙusa a bakin akurki na kasa kunne. Shiru.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Shiru.

Litinin, da rana

Ashirin da biyu. Wani lokacin sukan makara, na taɓa jin ta faɗa. Auta ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Albasa ta yi kyau, babu wanda zan nuna wa.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na je wurin Direba da wata dabara. Na ce a kasuwa ana sayar da 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya. In sayo goma, a tura wa Wake-wake, a ɗauki hoto a aika wa Auta. Sai in bi bayan hoton.

Ya yi dariya har da tari.

"Manaja za ka yi wa haka? Matar da ke gane ƙwan kowace kaza a cikin kwano? Bakinta ne ya kwanta, ba hankalinta ba."

Ya biyo ni gida, ya sa hannu ya ɗago Wake-wake. Ko saransa ba ta yi ba. Ya ce in taɓa ƙirjinta. Ƙashi ne zalla, tukkunta ya koɗe, ba ta da nauyin komai.

"Ka gani? Ita ba ta san lissafi ba. Muddin ƙwan nan na gabanta ba za ta tashi ba, sai dai a ɗauki gawarta. Kai da ka san baragurbi ne tun kwana goma, kai ne ka bar ta a kai."

Na haƙa rami a bayan fangalin kabeji. Lamba bakwai ya fashe a hannuna. Ba zan kwatanta warin ba. Na binne su, na toshe akurkin da bulo don kada ta koma. Ta yi ta zagaya shi tana ƙuk-ƙuk, can ta haƙura ta je ta sha ruwa, ta sha, ta sha.

Direba ya miƙo hannu. Na ce mene ne? Ya ce makulli. Na ba shi.

"Motar bakwai," in ji shi. "Kuma ni zan raka ka, in ga shigarka da idona."

Laraba, ƙarfe bakwai da kwata, a cikin mota

Direba ya tsaya har muka tashi. Ya ma gaya wa mai motar kada ya sauke ni a hanya ko na roƙe shi.

Laraba, bayan la'asar, a barandar asibiti

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Auta na tarar a bakin ƙofa da kwano a hannu. Ta rame. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," kamar mai gaida baƙo. Na cancanci haka. Gado shida ne a ɗakin, na Manaja na jikin taga. Na tura ƙofa, ta juyo ta duba. Wannan karon ba ta mayar da kai ba.

Ta zama 'yar ƙarama a cikin zanen gado. Gefen bakinta na dama ya sauka. Idon kuwa nata ne, bai canza ba.

Na ja kujera na zauna. Duk gaisuwar da na shirya a mota ta gudu. Na ce wa Auta ta tsaya, ita ma ta ji. Sannan na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce ranar nan na ji kiranki tun na farko. Na ji na biyu. Guga nake yi, na tsaya ƙarasawa. Shi ya hana ni zuwa, ba kaza ba.

Auta ta aje kwanon. Manaja ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannun hagu ta yi kamar mai korar ƙuda, ta ɗora shi a kan nawa. Ban san ko yafiya ba ce ko gajiya. Ban tambaya ba.

Can ta saki hannuna, ta haɗa yatsu ta yi ɗan ƙoƙo da tafinta, ta ɗaga gira. Auta ta ce, "Ƙwan take tambaya. Kullum sai ta yi min haka."

Na ce babu ko ɗaya. Ɗaya ya fashe ya ɓata sauran, ni kuma na ga datti, na wanke su.

Idonta ya buɗe. Bakinta ya fara motsi, yana karkacewa, jijiyar wuyanta ta miƙe. Na zaci ciwon ne ya dawo, na yunƙura zan kira ma'aikaciya. Auta ta riƙe ni. Sautin ya fito da ƙyar, a daƙile, amma duk mun ji.

"Da... sa... bulu?"

Kwana ashirin da biyu likitoci suna nema, ba su samu ko "a" ba.

Na ce, "Har da bilic."

Ta rufe ido. Kafaɗarta ta hau rawa, gadon ma yana rawa, hawaye na gangara ta gefe guda. Dariya take yi da rabin baki. Auta ta fita da gudu tana kiran ma'aikaciya, "Ta yi magana! Mama ta yi magana!" Matar gadon kusa tana tambaya me aka ce, me aka wanke.

Ni ban iya dariyar ba. Na kifa kaina a gefen gadon na yi kuka kamar yaro, ita kuma tana dukan ƙeyata da hannun da ke aiki.

Auta ce ta leƙo yanzu. Wai Mama ta ƙi karɓar abinci a hannunta, tana nuna ƙofa. Bari in je.